SABON RAI DON KOWA: YADDA KIRISTOCI SUKA FITAR DA WA'AZI DAGA CIKIN COCI

Duk wanda ya taɓa zama a Jos, ko Kafanchan, ko Numan, ko Biliri, ko kuwa unguwannin Kaduna na kudancin kogi, da wuya a ce bai taɓa yin kiciɓis da su ba. Ran Lahadi da la'asar, bayan an tashi daga sujada an taɓa ɗan abinci, sai a ji kiɗan ganga yana tasowa daga wani lungu. Jim kaɗan sai ga ayarin maza da mata cikin anko, suna tafe suna rera waƙa da Hausa. A cikinsu akwai manomi, akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai mai tuyar ƙosai, amma sau da yawa ba a ganin fasto ko ɗaya. Sukan ja birki a dandali ko a gindin wata itaciya, ɗayansu ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya yi 'yar gajeruwar magana, sa'an nan su rarrabu biyu-biyu su bi gidaje suna sallama.

Waɗannan su ne 'yan Sabon Rai, watau ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda a Turance ake kira New Life for All. Yau shekara sittin ke nan da ɗoriya da kafa ta. Mutane da yawa, har da wasu Kiristocin, sun ɗauke ta ƙungiyar mawaƙa ce kawai. Amma wanda ya bi diddigin tarihinta zai tarar cewa ita ce ta sauya yadda Kiristocin Arewa suke yaɗa addininsu, domin ita ta ɗauke nauyin wa'azi daga kan Baturen mishan da fasto, ta ɗora shi a kan talakan coci. Tarihin nata kuma yana ɗauke da darasi ga kowane mai wa'azi a ƙasar nan, ko wane addini yake bi, game da yadda mutum zai fita ya kira jama'a ba tare da ya cinna wa gari wuta ba.

ZAMANIN DA AKE ZUWA GIDAN MISHAN

Kafin a gane muhimmancin wannan ƙungiya, sai an waiwayi yadda al'amarin yake tun farko. A cikin watan Disamba na shekarar 1893 ne waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kutsawa cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin. Shekara ba ta kewayo ba sai da biyu daga cikinsu suka mutu, Gowans a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ne kaɗai ya koma gida da rai, kuma shi ne ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM, wadda ta sami kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902. A 1900 kuma ayarin mishan na CMS, a ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da Likita Walter Miller, suka isa Kano, amma Sarki Alu ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Sai kuma ƙungiyar SUM ta Karl Kumm, wadda ta yada zango a Wase a 1904, da kuma mishan na 'Yan'uwa, waɗanda suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkiɗa a 1923.

Da Turawan mulki suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Saboda wannan alkawari, da kuma gudun abin da zai tayar da hankalin sarakuna, aka daɗe ana taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Ko a inda aka bar su suka zauna, akan gindaya musu sharuɗɗa game da wurin da za su yi gini da kuma inda za su yi wa'azi. Shi kansa Likita Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya tun daga 1905, daga baya an mayar da tasharsu bayan gari, watau Wusasa, a 1929.

Wannan hali ya sa aikin mishan ya ginu a kan abubuwa uku: makaranta, da asibiti, da coci, kuma galibi duk a cikin shinge guda. An buɗe asibitin Vom a 1922, asibitin ido na Kano a 1943. A 1937 aka danƙa wa SIM kula da zangunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Mai ciwo shi zai taso ya zo, ɗalibi shi zai taso ya zo, a nan ne kuma za su ji wa'azi. Watau dai mai nema shi ke zuwa gidan mishan, gidan mishan ba ya zuwa wurinsa sai jefi-jefi.

Duk da haka, ba Turawa ne suka kai addinin ƙauyuka da kan duwatsu ba sai 'yan ƙasa. Masu bishara, waɗanda yawancinsu ba su wuce ajin koyon karatu ba, su ne suka riƙa zama a ƙauyukan da ba nasu ba, suna noma da safe, da yamma suna koya wa yara karatu. Abin da ya sauƙaƙa musu aikin shi ne fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa a 1932, domin ta haka mutumin Berom da na Tangale da na Bajju da na Bachama suka sami harshe guda da za su yi sujada da shi. A 1938 SUM ta naɗa fastocinta 'yan ƙasa na farko, watau Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot. A 1948 kuma majami'un da SIM ta kafa suka ƙirƙiro tasu ƙungiyar aika masu bishara, wadda aka sani da EMS, da kuɗin baikon talakawa. ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, TEKAN kuma a 1955.

Amma har lokacin da aka sami mulkin kai a 1960, tunanin yawancin masu zuwa coci bai sauya ba. A ganinsu wa'azi sana'a ce ta wanda aka horar, ake kuma biyansa. Shi ɗan coci nasa shi ne ya zo ran Lahadi, ya zauna a benci, ya saurara, ya ba da baiko, ya koma gida.

DABARAR DA TA ƘETARO TEKU

Dabarar da ta karya wannan tunani daga Latin Amurka ta fito. Wani ɗan mishan mai suna Kenneth Strachan, wanda ke shugabantar wata ƙungiya mai cibiya a Kosta Rika, ya shekara da shekaru yana shirya manyan tarurrukan wa'azi, inda akan gayyato mashahurin mai wa'azi, a cika fili da jama'a. Da ya zauna ya yi lissafi, sai ya ga bayan an watse an naɗe tabarmi, yawan masu zuwa coci bai ƙaru da wani abin kirki ba. Sai ya shiga nazarin ƙungiyoyin da ke bunƙasa da sauri a yankin, har da 'yan gurguzu da Shaidun Jehobah da majami'un Fentikos. Abin da ya gano shi ne, kowace ƙungiya tana yaɗuwa ne gwargwadon yadda ta iya sa dukan mabiyanta, babba da yaro, su riƙa tallata aƙidarta kullum. A 1960 ya gwada wannan tsari a ƙasar Nikaragwa.

Labarin ya iso kunnen wani ɗan mishan na SIM mai suna Gerald Swank, wanda ke koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro. A 1963 ya tattauna da shugabannin majami'u dabam-dabam, aka amince a haɗa kai a gwada irin wannan a Arewacin Nijeriya. A 1964 aka fara aikin gadan-gadan a lardunan Zazzau da Filato, aka kuma kafa ofis a Jos. Wani ɗan mishan na SUM, Wilfred Bellamy, yana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin a shekarunsa na farko.

Abin mamaki na farko shi ne haɗin kan. Kafin wannan lokaci ƙungiyoyin mishan sun raba ƙasa a tsakaninsu, kowa da yankinsa, kowa da makarantunsa da irin baftismarsa. Sai ga 'yan ECWA da majami'un TEKAN da Angalikan da Methodist da Baptist sun zauna a kwamiti guda, sun yarda cewa wanda aka samu zai shiga cocin da ya fi kusa da shi. Ga wanda ya san irin kishin da ke tsakanin ɗarikun, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

YADDA AIKIN YAKE TAFIYA

An tsara aikin ne daki-daki, ya ɗauki kimanin shekara guda a kowane yanki. Da farko akan tara fastoci da dattawan ikkilisiya a keɓe na 'yan kwanaki, a bayyana musu manufa, domin an san idan kai bai yarda ba, jiki ba zai motsa ba. Daga nan sai a kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a cikin gidaje. Mutum biyar ko goma da ke maƙwabtaka za su riƙa haɗuwa, galibi da sassafe kafin a tafi gona ko kasuwa, kowa ya ambaci sunayen waɗanda yake so a yi wa addu'a, ko ɗan'uwa ne, ko aboki, ko maƙwabci. Cikin ɗan lokaci irin waɗannan ƙungiyoyi suka kai dubbai.

Mataki na gaba shi ne koyarwa. An buga ɗan littafin jagora mai sauƙin harshe, aka riƙa bi da 'yan coci darasi bayan darasi, har mutum ya haddace waɗansu ayoyi, ya kuma iya ba da shaida, watau ya faɗi da bakinsa yadda yake a da, da abin da ya sauya a rayuwarsa. Wanda bai iya karatu ba, ba a bar shi a baya ba, domin haddar baka da waƙa sun ishe shi. Sai bayan an gama wannan ne ake fita. Akan raba gari unguwa-unguwa, a tura mutane biyu-biyu, suna koyi da abin da Linjilar Luka ta ba da labari cewa Yesu Almasihu ya yi da almajiransa. Waɗansu kuma, musamman da rani bayan an gama girbi, sukan ɗauki guzurinsu su tafi ƙauyukan da babu coci, a ƙasa ko a kan keke, su yi kwanaki. A ƙarshe sai a yi jerin gwano da babban taro, sa'an nan a koma kan aikin da ya fi kowanne wuya, watau bibiyar waɗanda suka amsa kira har su zauna da gindinsu.

Hikimar wannan tsari a fili take. Baƙon mai wa'azi yakan zo ya tafi, ba wanda ya san halinsa. Amma maƙwabci kullum ana tare, an san ko yana biyan bashi, an san yadda yake zaune da iyalinsa, an san ko yana zuwa gaisuwar mutuwa. Idan halinsa ya ƙaryata maganarsa, ba mai saurarensa. Saboda haka tsarin ya tilasta wa ɗan coci ya fara gyara kansa kafin ya buɗe baki. Daɗin daɗawa, aikin ba ya cin kuɗi. Ba a bukatar fili, ba a bukatar injin bayar da wuta, ba a jiran taimako daga Ingila ko Amurka. Mata ma, waɗanda ba su da damar hawa mumbari a yawancin majami'un wancan zamani, sai ga su a sahun gaba, domin su ne ke iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata, da tulunansu na kiɗa da cakinsu, sun taka rawa ƙwarai a wannan fage.

LOKACIN DA ABIN YA ZO

Ba a iya raba wannan yunƙuri da zamanin da ya taso a ciki. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, kuma daga 1963 zuwa 1965 Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya yi ta rangadin musuluntar da jama'a a yankunan da ake bin addinin gargajiya. A 1964 Kiristocin Arewa suka kafa tasu ƙungiyar haɗin kai. Watau dai addinan nan biyu sun fuskanci jama'a guda a lokaci guda, kowa yana ganin idan ya yi sanyin jiki za a riga shi. Cikin 'yan shekarun nan ne garuruwa da yawa na tsakiyar Nijeriya suka ɗauki kamannin addinin da suke da shi har yau.

Sai kuma ga juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, da kashe-kashen da suka biyo baya, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Majami'u da yawa na Sabon Gari a Kano da Zariya da sauran birane suka zama kango, domin masu cika su 'yan Kudu ne, sun kuwa gudu. A farkon shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan da waɗansu asibitocinsu, Turawan mishan kuma suka yi ta raguwa. Da a ce addinin ya dogara ne kacokan a kan gidan mishan, da ya durƙushe. Abin da ya riƙe shi shi ne dubban talakawan nan da aka riga aka koya wa cewa aikin nasu ne. A ƙarƙashin Panya Baba, mutumin Karu, wanda ya shugabanci EMS daga 1970 zuwa 1988, yawan masu bishara 'yan ƙasa ya ƙaru ainun, har aka riƙa aika su ƙasashen waje. A cikin shekarun nan ne kuma Maguzawa da dama a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau suka karɓi addinin Kirista.

Rediyo ma ya taimaka. Tashar ELWA da ke Monrobiya ta ƙasar Laberiya, wadda ta fara aiki a 1954, tana da shirye-shiryen Hausa, haka kuma tashar da majami'un Lutheran suka buɗe a Adis Ababa a 1963, wadda ake haɗa mata shirye-shirye a ɗakin Muryar Bishara da ke Jos. Gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace ta Adis Ababa a 1977, yaƙin Laberiya kuma ya rusa ELWA a 1990. Shi kuwa tsarin Sabon Rai ya ƙetare iyaka, aka kwaikwaye shi a Kamaru da Saliyo da Malawi da Rodeshiya, wadda yanzu ake kira Zimbabuwe. Wata marubuciya mai suna Eileen Lageer ta wallafa littafi a kan tarihinsa a 1969.

BA BAKI KAƊAI BA

Masu iya magana sun ce da yunwa ba a jin kira. Tun kafin Sabon Rai, waɗansu sun lura cewa mai bishara da ya je ƙauye hannu rabbana ba ya daɗewa. A ƙarshen shekarun 1950 wani ɗan mishan na SUM mai suna Peter Batchelor ya fara wani shiri a Filato da aka sa wa suna Faith and Farm, watau bangaskiya da noma, inda ake koya wa manoma huɗa da shanu, da kiwon kaji, da adana hatsi. A 1974 kuma aka soma shirin kiwon lafiyar karkara na Lardin Gabas a Garkiɗa. Ƙauye ne zai zaɓi mutanensa ya tura su horo na 'yan watanni, su dawo suna koyar da tsabtar ruwa da maganin zawo da zazzaɓi ta hanyar tatsuniya da waƙa da wasan kwaikwayo. Shirin ya yi suna har a ƙasashen waje.

A nan ne kuma wani tsohon saɓani yake. Musulmi da yawa suna kallon irin waɗannan ayyuka a matsayin tarko, suna cewa ana fakewa da magani da rijiya da makaranta ne domin a janye talaka daga addininsa. Su kuwa Kiristoci sukan amsa cewa taimakon mabukaci umarni ne na addininsu, kuma dubban Musulmi sun sha magani a asibitocinsu sun koma gida da addininsu. Su ma suna da nasu koke, musamman game da wahalar samun filin gina coci a waɗansu jihohin Arewa, da kuma halin da wanda ya sauya addini yakan shiga a cikin danginsa. Kowane ɓangare yana da misalan da zai kawo, kuma har yanzu ba a rufe wannan babi ba.

RANAR DA WA'AZI YA ZAMA WUTA

Daga shekarun 1970 wani sabon salo ya shigo, na samarin jami'o'i da majami'un Fentikos, masu zafin nama da son babban taro da lasifika. A 1975 waɗansu matasa masu yi wa ƙasa hidima suka kafa ƙungiyar CAPRO a Zariya domin kai bishara wuraren da ba ta kai ba. A ɓangaren Musulmi ma an kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, ita ma da nata wa'azin ƙasa da kasa-kasai da lasifika. Fili ya cika da muryoyi, kowa yana jin abin da ɗan'uwansa yake faɗa a kansa.

A watan Maris na 1987, a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, ɗalibai Kirista suka shirya taron wa'azi, suka gayyato wani mai wa'azi wanda a da Musulmi ne. Aka zarge shi da taɓa Alƙur'ani da Manzon Allah a cikin jawabinsa, faɗa ya kaure, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. An yi asarar rayuka, an ƙona coci fiye da 100 da waɗansu masallatai. A watan Oktoba na 1991 kuma aka shirya wa Bajamushen nan Reinhard Bonnke gagarumin taro a Kano, bayan wanda ya yi a Kaduna a 1990. Musulmi suka fito zanga-zanga, suna cewa an hana Shaihu Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Abin ya rikiɗe ya zama tarzoma, ɗaruruwan mutane suka halaka, taron bai yiwu ba, shi kuma Bonnke bai sake yin wa'azi a Nijeriya ba sai a 1999. Ko mai wa'azi shi kaɗai bai tsira ba, domin a watan Yuli na 2016 an kashe wata mata a Kubwa ta Abuja yayin da ta fita wa'azin asuba.

Dokar ƙasa dai a bayyane take. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin bin addinin da ya ga dama, da sauya shi, da kuma yaɗa shi, a ɓoye ko a bainar jama'a. Sashe na 45 kuma ya ba hukuma damar taƙaita wannan 'yanci saboda zaman lafiya da kare haƙƙin waɗansu. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da za a ja layi. Jihar Kaduna ta yi dokar tsara wa'azi tun 1984, a zamanin soja, kuma da gwamnatin jihar ta nemi sabunta ta a 2016, sai da malamai da fastoci da dama suka yi ca a kanta. Amma doka ba ta iya shiga bakin mai wa'azi ta zaɓar masa kalma. Wannan sai tarbiyya. Abin lura ne cewa manyan fitinun nan biyu, na Kafanchan da na Kano, daga dandalin taro suka tashi, inda mai magana ba ya ganin fuskar wanda maganarsa za ta soka. Wanda ya yi sallama a ƙofar maƙwabcinsa, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa, da wuya ya zagi abin da mai gidan yake girmamawa, domin gobe ma za su haɗu a bakin rijiya.

INA AKA KWANA?

Har yanzu akwai 'yan Sabon Rai a majami'un ECWA da COCIN da EYN da sauransu, kuma ofishinsu yana nan a Jos. Sai dai a cikin majami'un kansu akan ji masu kukan cewa a wurare da yawa ƙungiyar ta koma ta kiɗa da waƙa da gasar anko, ana gayyatarta biki da jana'iza, fita wa'azin kuwa ya ja baya. Rashin tsaro ma ya rage tafiye-tafiye zuwa ƙauyuka, kuma rabuwar unguwanni a Jos da Kaduna bayan rikice-rikicen 2000 da 2001 ta sa Kirista da Musulmi da yawa ba su da sauran maƙwabtaka irin ta da.

Amma irin da aka shuka bai mutu ba. A Kudu, cocin Deeper Life, wanda W. F. Kumuyi ya faro a 1973 da mutum 15 a ɗakinsa a Jami'ar Ikko, ya bunƙasa ne ta hanyar ƙananan tarurrukan gida-gida, haka ma cocin Redeemed da waɗansu da dama. Da Boko Haram ta ƙona ɗaruruwan majami'un EYN a Barno da Adamawa, har ta mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi a watan Oktoba na 2014, 'yan gudun hijira sun ci gaba da sujada a sansanoni da gindin itatuwa, sau da yawa babu fasto, kamar yadda kakanninsu suka fara a gindin tsamiyar Garkiɗa. Da annobar korona ta sa aka rufe masallatai da coci-coci a 2020, majami'un da suka saba da taron gida su ne suka fi saurin daidaita al'amuransu.

Abin da tarihin shekaru sittin ɗin nan ya nuna shi ne, ginin coci ana iya karɓe shi, ana iya ƙona shi, ana iya rufe shi da doka, amma abin da aka danƙa a hannun talaka yana nan tare da shi duk inda ya shiga. Ya kuma nuna cewa a ƙasa irin Nijeriya, inda Musulmi da Kirista suke cin kasuwa guda, suke shiga mota guda, kowane ɓangare zai ci gaba da fita yana kiran jama'a, domin kowanne yana ganin umarni ne daga Ubangijinsa. Ba mai iya hana wannan. Abin da ya rage shi ne ladabin fitar: a yi sallama kafin a shiga, a faɗi abin da aka yi imani da shi ba tare da zagin na wani ba, in an ce a'a a yi godiya a wuce, gobe kuma a zo gaisuwa in an yi rashi. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, sun kuma ce bakin da ya iya magana shi ke karɓo aron riga a kasuwa.

Allah Ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin.